Sunan da Malam Illiassou Ya Ba da Aro

Duk mai cin kasuwar Talata da Asabar a unguwar da ke ƙarshen layin taram, jirgin ƙasa na cikin gari, can gabas da Lyon, ya san muryar Malam Illiassou kafin ya san fuskarsa. Ba ya ihu irin na masu kifi. Ƙasa-ƙasa yake kira, kamar mai bitar karatu: "Dabino, zoɓo, kuka, yajin Damagaram." Idan Balarabiya ce ta tsaya sai ya juya harshe, idan Baturiya ce ya ce ta ɗanɗana tukuna. Shekara takwas ke nan yana kafa rumfar leda a wuri guda, tsakanin mai zaitun da mai safa.

Mutumin Mirriya ne, shekarunsa hamsin da huɗu, amma yakan ce gwiwarsa ta hagu ta girme shi. Ya shigo Faransa da bizar wata uku, ya zauna a ɗakin mutum shida a La Courneuve, a gefen Paris, aikinsa na farko kuma ɗaukar kwalayen ayaba ne a Rungis, babbar kasuwar sarin da ke ciyar da Paris. Ba da sunansa ya yi aikin ba. Ba shi da takardun zama a lokacin, sai wani dattijo mai suna Rachidou ya ara masa nasa. Shekara huɗu yana amsa Rachidou. Har yau idan ya gamu da tsofaffin abokan aiki da wannan sunan suke gaishe shi, shi kuma ba ya gyara musu.

Haka ake yi a tsakaninsu. Wanda ya samu takarda yakan ara wa sabon zuwa suna da lambar aiki, har shi ma ya tsaya da ƙafarsa. Ba a rubutawa, ba a kiran shaida. A bayan kantin wayoyin Alhaji Mamadu a unguwar Barbès ta Paris ake yin maganar, jirgin metro yana wucewa ta sama yana girgiza kofunan shayi, a shafa fatiha a tashi. Sharaɗin ɗaya ne, shi ma ba a faɗinsa: wanda aka ara wa, wata rana zai ara wa wani.

Ranar Illiassou ta zo shekara shida da suka wuce. A lokacin ya riga ya samu takardunsa, ya ƙara wasu shekaru a Rungis da sunansa, sannan ya koma Lyon da matarsa Raliatou, domin ɗaukar kaya ya fara cin gwiwar. Alhaji Mamadu ya kira shi a tarho, ya taƙaita gaisuwa, ya ce ya hau mota ya zo. A bayan kantin ya tarar da wani dogon mutum mai kusan shekara arba'in, zaune a kan kwali, hannuwansa a tsakanin cinyoyi.

"Wannan Daouda ne," in ji Alhaji. "Ɗan Malam Mika'il mai gishiri, na bayan masallacinku. Ka gane shi?"

"Na san ubansa."

"To ka san shi ke nan. Wata bakwai yana kwana a kujera. Rungis suna ɗaukar mutane, sunanka kuma yana can a rubuce tun da."

Illiassou ya dubi baƙon. Dogo ne, shi gajere. Fari ne, shi baƙi.

"Baba Alhaji, ko makaho ba zai ce mu ɗaya ba ne."

"Kai da Rachidou tagwaye ne? Mutumin da kake tsayawa a hammatarsa? Wa ya duba? Su kwali suke so ya tashi."

Aka yi dariya, aka yi fatiha. Daga ranar, a takardun gwamnati, Illiassou ya zama mutumin da ba ya barci: da rana yana sayar da dabino a Lyon, da dare yana ɗaukar ayaba a Paris. Raliatou ce ta fara faɗin haka. Ta ce ita dai a gaya mata wanne ne mijinta a cikin biyun, don ta san wanda za ta riƙa yi wa faɗa.

Shekara huɗu babu abin da ya faru. Sai wata Laraba ambulan ya zo daga Barbès da rubutun Alhaji a bayansa, a ciki kuma wani ambulan na gwamnati, ba tare da ko layi ɗaya na bayani ba. Illiassou ya karanta a tsaye a gindin matakala. Takardar ta ce ran kaza, ƙarfe biyar na yamma, kusa da tashar taram a La Courneuve, ƴan sanda sun samu Illiassou da ƴar tabar wiwi a aljihu. An ci shi tara. Idan ya biya cikin kwana goma sha biyar, akwai ragi.

Ya kira Daouda daga nan inda yake tsaye.

"Ba tawa ba ce, Yaya. Wani ne ya ba ni ajiya."

"Ajiya a aljihunka."

"Wallahi tallahi..."

"Kada ka rantse. Ka bar ni da abu ɗaya."

Washegari ya hau taram zuwa wata unguwa inda ba a san shi ba, ya shiga kantin taba, inda ake karɓar kuɗin tara, ya biya. Ya ɗauka irin tarar mota ce, a biya a manta. Abin da ke ransa kawai kada maganar ta yi tsawo, kada a sake aiko wata takarda Raliatou ta riga shi buɗe akwati, kada a kira Illiassou kwamisariya, ƴan sanda su ga mutum biyu. A bayan takardar akwai ƙananan rubutu da ke cewa wanda ya biya ya amsa laifin. Bai juya ta ba. Ya yaga ta, ya raba gutsattsarin a kwandon shara uku.

A bana ne likita ya duba hoton gwiwar, ya ce masa wani hunturun a waje, tsaye a kan siminti tun asuba, zai iya zama na ƙarshe da zai yi da ƙafarsa. A cikin watan kuma meri, wato ofishin magajin garinsu, ya liƙa sanarwa a ƙofar kowane bene.

Akwai shaguna bakwai a gindin dogayen gidajen unguwar da suka daɗe a rufe. Masu sayar da wiwi sun mai da bakinsu wurin tsayawa, ƴan kasuwa suka gudu ɗaya bayan ɗaya. Na ƙarshe da ya rage mai sayar da man shafawa da shayi na ganyen wiwi ne, irin wanda aka ce ba ya bugarwa, shi ma majalisar gari ta ƙi sabunta masa haya. Yanzu meri ta karɓe shagunan, ta ce za ta ba mazauna unguwar: haya mai sauƙi na shekara uku, da tallafin gyara da sayen kanta. Sharaɗi, ba za a sayar da komai da ya shafi wiwi a ciki ba, ko na shafawa ne. Mai nema kuma zai sa hannu a duba takardarsa ta shari'a, wadda ke nuna ko an taɓa samunsa da laifi.

Raliatou ce ta ciro sanarwar daga bango ta kawo gida.

"Lamba huɗu," ta ce. "Mai kallon tashar taram. Akwai famfo a ciki, na leƙa ta ramin ƙofa."

"Mutum nawa ne za su nema, Raliya?"

"Nawa ne suka yi shekara takwas a cikin ruwan sama? Malam, ka cika takarda. Ko so kake in riƙa tura ka kasuwa a keken guragu, ina kiran dabino da muryar nan tawa?"

Ya cika. Ya sa hannu a ko'ina aka nuna masa. Kan takardar shari'a ko tsayawa bai yi ba. Mutum ne da ko sigari bai taɓa sa wa a baki ba, shi ne kuma yake riƙe da mabuɗin ƙaramin masallacin unguwar.

Bayan mako biyar aka kira shi. Ma'aikacin da ke kula da shagunan sunansa Nassim, haifaffen unguwar, uwarsa kuma a wurin Illiassou take sayen dabinon azumi. Ya tashi ya gaishe shi, ya ja masa kujera, sannan ya koma ya rufe ƙofar ofis, abin da bai yi ba a zuwan farko.

"Tonton," ya ce, wato kawu da Faransanci, "dosiyenka, takardun da ka kawo, ya fi na kowa kyau. Ni da kaina na sa shi a sama."

"Allah ya saka."

"Sai dai akwai layi ɗaya." Ya juyo da takardar, ya ɗora yatsa. "Shan wiwi. La Courneuve, shekara biyu da suka wuce. An biya tara."

Illiassou ya dubi yatsan, bai dubi rubutun ba.

"An biya ai."

"Shi ne matsalar. Da ba a biya ba, da sai a ce ana jayayya. Tunda an biya, a wurin doka ka ce kai ne." Nassim ya yi ƙasa da murya. "Tonton, ni na san ba kai ba ne. Uwata za ta mare ni idan na ce kai ne. Idan wani ya saci sunanka, ka je ka shigar da ƙara, ka kawo mini takardar, in riƙe maka lamba huɗu har a gama bincike."

"Binciken, me suke yi?"

"Su nemo mutumin. Su ga inda yake aiki, tun yaushe, wa ya ba shi lambarka."

Wani taram ya wuce a waje, gilashin taga ya ɗan yi ƙara. Nassim ya jira. Sannan ya jawo wata takarda daga ƙasan tarin, ya ajiye ta ba tare da ya tura ta gaba ba.

"Akwai wata ƙofar. Ban so in nuna maka ba. A cikin bakwai ɗin, majalisa ta ware biyu don waɗanda aka taɓa kamawa da wiwi, su samu abin yi su bar bakin titi. Mutum ɗaya kawai ya nema. Samarin nan ba sa son sunansu a allo."

"A allo?"

"Duk abin da majalisa ta yanke ana liƙa shi a waje, da suna, da ɓangaren da mutum ya shiga. Za ka rubuta da hannunka cewa ka sha, ka daina. Za ka zauna kwana biyu a aji ana gaya maka illar ƙwaya. Sannan shekara uku kada sunanka ya sake fitowa a irin wannan layin. Idan ya fito ko sau ɗaya, a karɓe shago, tallafin ma ka mayar." Ya ɗaga kafaɗa. "Wannan na ƙarshen ai ba zai dame ka ba."

"Yaushe ake rufewa?"

"Juma'a mai zuwa, ƙarfe huɗu."

Ranar Litinin ya hau motar safe zuwa Paris, ya ce wa Raliatou sarin dabino zai duba. Ya isa La Courneuve bayan azahar, lokacin da masu aikin dare suke tashi. Benen da ya zauna a ciki shekaru ashirin baya yana nan, lif ɗin ma har yanzu ba ya aiki. Ya hau hawa biyar yana hutawa a kowane.

Daouda ya buɗe ƙofa da zane a kafaɗa. Ya rame, ya ɗan ranƙwafa ta gefe guda. Ɗakin ya cika da turaren wuta, fiye da yadda namiji shi kaɗai yake bukata, taga kuma a buɗe duk da sanyi.

"Yaya. Ba ka yi tarho ba."

"Da na yi, da na same ka?"

Suka gaisa duk da haka, gida da iyali da gajiya, har ƙarshe. Daouda ya ɗora shayi. Illiassou ya faɗi abin da ya kawo shi, bai ƙara ba, bai rage ba.

"Abin da nake so ka gaya mini, kana sha har yanzu?"

"Bayana ne, Yaya. Idan na sauka aiki ba na iya kwanciya. Likita ba zan je ba, don katin asibitin naka ne, a can kuma an rubuta gwiwa ce ke damunka, ba baya ba." Ya yi ƴar dariya, shi kaɗai. "Kaɗan nake sha. A ɗaki."

"A ɗaki aka kama ka?"

"Sai an fita ake sayowa."

"Da suka tare ka, me ya sa ka ba su sunana?"

Daouda ya ɗago kai, a karon farko ya dube shi sosai.

"Wane suna gare ni? Shekara shida babu wanda ya kira ni Daouda sai tsohuwata a tarho. Katin aiki Illiassou, akwatin wasiƙa Illiassou. Ran nan a masallaci wani ya yi ta kiran Daouda, na juya ina taya shi nema."

"Ina son sunana," in ji Illiassou.

"Ka ba ni wata takwas. Patron, shugabanmu na wurin aiki, ya ce zai rubuta mini takardar da za ta nuna ni ne na yi aikin shekarun nan, in kai a ba ni takardar zama tawa."

"Bara ma wata takwas ka ce."

"Bara wani patron ne."

Shayin ya tafasa ya zube a kan murhu, babu wanda ya tashi.

Daga can ya wuce Barbès. Alhaji Mamadu ya tsufa, yanzu a zaune yake sayar da waya, amma kunnensa garau. Ya saurara har ƙarshe yana jan carbi, ya sallami mai sayen caja, sannan ya ce a ja labule.

"Ka ce yaron meri ya ce ka kai ƙara."

"Haka ya ce."

"To ka kai. Su kama Daouda su sa shi a jirgi. Su tambaye shi wa ya ba shi lamba, ya ce kai, da hannunka, da shayi. Kai ma katin zamanka sabuntawa ake yi, ko ka manta? Sannan su ce a ina aka yi, ya ce a nan." Ya nuna ƙasa da carbin. "Mutum goma sha ɗaya ne yanzu haka suke cin abinci da sunan wasu ta ɗakin nan. Ka san biyar a cikinsu. Ɗaya mijin ƙanwar matarka ne."

"Baba Alhaji, ƙafata ce. Idan ban samu shagon nan ba, ban san abin da zan yi baɗi ba."

"Na ji. Ban ce ƙarya kake ba." Metro ya wuce. "Rachidou, Allah ya jiƙansa, ya taɓa hawo maka bene ya ce ka ba shi sunansa?"

"Ni ban sha wiwi da sunansa ba."

"Ba ka sha ba. Amma ka fasa wa wani Bamale, mutumin Mali, baki a wurin lodi, aka rubuta Rachidou. Kwana uku aka dakatar da shi a takarda, yana gida yana jinyar hawan jini. Ya gaya maka?"

Illiassou bai san wannan ba.

"Zan yi wa Daouda magana," in ji Alhaji. "Zan ja masa kunne sosai. Abin da zan iya ke nan. Ka sha shayinka, ya huce."

Raliatou ba ta tambayi dabino ba da ya dawo. Ta bari ya ci abinci, ta kwashe kwanuka, ta dawo ta zauna a gabansa.

"Uwar Nassim ta gaishe ni yau sau biyu. Gaisuwa irin ta gidan rasuwa. Me ke nan?"

Ya gaya mata duka, har da kwandunan shara uku. Ba ta katse shi ba, abin da ba halinta ba ne.

"Shekara biyu," ta ce. "Kana kwana kana tashi da ni."

"Rufin asiri na yi."

"Asirin wa? Ka rufe na Daouda ka buɗe naka." Ta gyara ɗaurin kallabi. "Yanzu me za ka yi?"

"Ƙara ba zan kai ba."

"Na sani. Ban tambaye ka wanda ba za ka yi ba."

"Saura biyu. In bar shagon, ko in rubuta."

"Ka rubuta ka sha wiwi. Kai. Mutumin da hayaƙin gawayi yake sa shi tari har da hawaye." Ta yi dariyar yaƙe. "A aji za su ce ka ba da labarin yadda ka fara. Me za ka ce, a Mirriya bayan makarantar allo?"

"Raliya."

"Ina tunani ne da baki, ka bar ni." Ta daɗe tana kallon ƙafarsa da ya miƙe a kan matashi, gwiwar ta kumbura ta cika wando. "Mutane za su yi magana wata biyu, uku. Waɗanda suka san ka sun san ka. Ƙafa kuwa idan ta tafi ba ta dawowa. Amma sharaɗin nan na shekara uku, ka karanta shi da kyau? Ka juya bayan takardar wannan karon?"

"Alhaji zai ja masa kunne."

"Alhaji," ta ce, ta tashi ta shiga kicin.

Ranar Juma'a ƙarfe uku ya zauna a gaban Nassim, ya rubuta layi huɗu da hannunsa. Ya tambayi yadda ake rubuta kalma ɗaya. Nassim ya faɗa masa harafi-harafi yana kallon bango.

"Tonton, ka tabbata?"

"Ka buga hatiminka, ɗana."

Ya yi kwana biyun a aji, a wani ɗaki na bayan ɗakin karatu, shi da samari goma sha uku. Ɗaya daga cikinsu, Yanis, wanda yake tsayawa a bakin shagunan tun yana sakandare, ya dube shi ya dubi sauran.

"Tonton Dabino? Kai ma? Ashe shi ya sa zoɓonka yake da daɗi."

Ajin ya fashe da dariya. Illiassou ya ce masa ya gyara zama, malama tana magana. Da aka zo kansa ya faɗi dalilin da ya sa ya fara, sai ya ce ciwon baya ne, idan ya sauka aiki ba ya iya kwanciya. Malamar ta gyaɗa kai ta rubuta.

Takardar majalisa ta fito a allo ranar wata Alhamis, a cikin gilashi, gefen ƙofar meri. Sunaye biyar a sama, biyu a ƙasa ƙarƙashin nasu kan magana na waɗanda aka taɓa kamawa da wiwi. Kafin la'asar an ɗauki hotonta, ta shiga wayoyin ƴan Nijar na Lyon, kafin magariba ta isa Mirriya. Babu wanda ya ce masa komai. A kasuwar Asabar mai zaitun ya gaishe shi kamar kullum, mai safa ma haka, sai dai ya ƙara da cewa kowa da jarabawarsa. Bayan sallar Juma'a liman ya riƙe hannunsa ya daɗe, ya ce tunda yanzu shago zai ɗauke masa lokaci, ga kuma ƙafa, ya kawo mabuɗin masallaci a ba wani ya taimaka masa. Illiassou ya ciro shi daga zoben ya miƙa. Ƙusarsa ta karye wajen cirowa.

Lamba huɗu ta fi yadda Raliatou ta hango ta rami. Akwai famfo, akwai injin ɗumama ɗaki, akwai wurin da mutum zai sa kujera ya zauna yana kallon masu sauka daga taram. Sun yi fenti ruwan ƙasa-ƙasa. Kafinta ya kafa kanta uku, saura ɗaya. An sa ranar buɗewa, magajin gari zai zo da mai ɗaukar hoto.

Saura kwana shida, da hantsi, yana zaune a kan bokitin fenti yana goge kwalaben zuma, ya kira Daouda don ya ji ko Alhaji ya yi masa maganar. Wata murya ta ce lambar ba ta aiki. Ya sake bugawa, ya duba ko ya yi kuskure. Sannan ya kira Barbès.

Alhaji ya ja gaisuwar, ya tambayi iyali, ya tambayi ƙafa, ya tambayi sanyin Lyon, ya koma kan iyali.

"Baba Alhaji, ina Daouda?"

"Na yi masa magana, kamar yadda na ce maka. Na yi masa sosai. Wataƙila ma na yi yawa."

"Yana ina?"

"Ya bar ɗakin. Kwana goma ke nan. Rungis ma sun ce bai zo ba, ciwon bayan ne ya hana shi."

"Ya koma gida?"

"Da wane kuɗin jirgi? Wani ya ce ya gan shi nan ƙarƙashin gada, wajen masu sayar da sigari ɗai-ɗai. Wani kuma ya ce Marseille. Ka san bakin mutane."

Raliatou tana kan tsani tana goge gilashin ƙofa. Ta tsaya da tsumma a hannu.

"Katin aikin fa?" in ji Illiassou. "Ya bar shi a ɗakin?"

"An duba."

"Ya bar shi?"

"Tabarma ya bari, da tukunyar shayi." Alhaji ya yi tari. "Ƴan sanda suna yawan zagaye a nan kwanakin nan, safe da yamma. Amma Daouda ba yaro ba ne. Ka yi ta addu'a, ni ma ina yi. Yaushe ne buɗewar?"

"Laraba."

"To Allah ya sa albarka. Shekara nawa ka ce sharaɗin?"

"Uku."

"Uku," in ji Alhaji. Metro ya taho ta samansa ya cika wayar da ƙara, Illiassou ya jira ya wuce, amma da ƙarar ta lafa babu kowa a layin.

Raliatou ta sauko daga tsanin a hankali.

"Kafinta yana tambaya," ta ce. "Kanta ta huɗun, ya kafa ta a bango da ƙusa, ko ya yi mai tayoyi, wadda za a iya turawa a fita da ita?"

Illiassou ya dubi bangon, ya dubi ƙofa.

"Ki ce ya yi mai tayoyi."